Birnin da Ake Tara 'Ya'yan Fari

A ƙarƙashin ramin da matan Kwarin Maje suke haƙar yumɓu akwai wani birni na aljannu, ganuwarsa ta jan ƙarfe, ƙofarsa ɗaya tak. Mutane suke tarawa a cikinsa, yadda wasu ke tara zinariya. Kada kuma wani ya kira su ɓarayi, domin sarkinsu bai taɓa ɗaukar abin da doka ba ta ba shi ba. Dokar kuwa ita ce wadda kowa ya sani a kasuwa: in ka tsinci abu ka yi cigiya, mai shi bai fito ya ce nasa ne ba, to ya zama naka.

A garin akwai wata maginiyar tukwane da ake ce wa Tasalla, don ranar Sallah aka haife ta. Tulunanta sun yi suna wajen sanyin ruwa. Tana da wata ɗabi'a, duk tulun da ta gina, kafin ta kai shi wuta sai ta kifa bakinta a bakinsa ta motsa leɓe. Mutane suka ɗauka tsaga take nema. Ba wanda ya taɓa tambaya.

'Ya'yanta biyu ne, Atika da Ladidi. Ladidi kam sunanta ya sha kira, tun daga safe har yamma. Atika kuwa 'yar fari ce. Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, amma a zuriyar su Tasalla abin ya wuce kunya ya koma tsoro. Sun gaji wata magana, wai duk macen da ta ambaci sunan 'yar farinta, da idonta za ta ga gawarta. Saboda haka har Atika ta zama budurwa ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Daga “ke” sai “waccan” sai “yayar Ladidi”. Ita ma ba ta ce mata Inna, Yaya take ce mata, sai ka ce 'yar riƙo. Mai gadin wannan doka ita ce Hakama, uwar Tasalla, tsohuwa mai kaɗi, wadda ita ma haka ta yi wa Tasalla, don Tasalla ce 'yar farinta.

Ran nan da hantsi, mata sun cika bakin rami, Atika na can ƙasa ta duƙa tana haƙa, sai ga wata jar guguwa ta taso daga gabas, tsayinta ya fi rimi. Ba ta kauce hagu ko dama ba, ramin ta nufo. Da ta zo bakinsa sai ta tsaya cik, wata murya ta fito daga cikinta kamar ta mai shela.

“Cigiya muke yi. Ga yarinya a rami. Ta wace ce? Mai ita ta kira ta da sunanta.”

Mata suka watse. Hakama, da ke zaune gindin maje da mazarinta, ta yunƙura ta ce, “Atika, fito.”

“Ba kaka muke tambaya ba,” in ji muryar. “Wadda ta haifa.”

Tasalla ta buɗe baki, sunan ya taho har bakin haƙoranta, sai idonta ya faɗa cikin na uwarta. Tsohuwar ta girgiza kai.

“Ladidi,” in ji Tasalla, “ce wa yayarki ta fito.”

Kafin Ladidi ta isar da saƙo guguwa ta sauka ramin ta tashi. Ba Atika, sai fartanyarta a soke cikin yumɓu.

Gari ya cika gidan Nomau, mijin Tasalla, ana ta ba da haƙuri. Haƙurin bai ƙona mata rai kamar yabon da ya biyo bayansa ba. Mata suna ta faɗi a tsakar gida, “Kai, Tasalla ta yi kara. A gaban idonta fa, amma ko sunan ba ta faɗa ba. 'Yar gidan mutunci ke nan.” Ka ji fa. Mace ta tsaya an sure mata 'ya kamar ɗan tsako, kaza ma ta fi ta yunƙuri, ga shi kuma ana neman naɗa mata rawani.

Nomau ya leƙo ɗaki ya ce, “Sai haƙuri, abin da aka ƙaddara ba ya wuce ranarsa.”

“Malam, ƙaddara ta aiko guguwa, na yarda. Bakina kuwa mu muka ɗinke shi.”

Ta jawo tulun da ya fi daɗewa a ɗakinta, wanda ta gina a shekarar da ta haifi Atika, ta cika shi da ruwa ta aza a ka. Hakama ta tare ta a zaure.

“Ke, ina za ki?”

“Inda aka kai jikarki.”

“Je ki, Allah ya kai ki. Amma ki ji ni da kyau. Ki roƙe su, ki ba su abin da suka nema, ki yi musu bauta in sun so. Sunan nan dai kada ya fito. Yayata 'yar fari ce. Uwarmu ta yi suɓul da baka ta kira ta ran Laraba, ran Juma'a aka binne ta.”

“Inna, ba ke kika ce a wannan shekarar zazzaɓi ya kwashe rabin gari ba? Duk su ma sunansu aka kira?”

“Tun kina rarrafe bakinki ya fi ki girma. Na dai gaya miki.”

A ƙasan ramin, daidai inda fartanyar take, ƙasa ta buɗe kamar bakin randa. Tasalla ta yi bisimilla ta zura ƙafa.

Ta faɗa wani fili da ba rana a samansa, amma ya fi tsakar rana haske, don ƙasarsa garwashi ce zalla iyakar ganin ido. Wasu tsuntsaye na toka suna shawagi, da sun ga mutum ya tsaya yana shawara sai su sauko su yi masa rumfa har numfashinsa ya ɗauke. Tasalla ba ta tsaya ba. Ta kankare yumɓun da ya manne a zaninta, ta kwaɓa da ruwan tulu, ta shafe ƙafafunta har ƙwauri, ta shiga. Kafin ta kai ƙarshen filin yumɓun ya gasu ya zama takalmi. Ta fasa shi da dutse, fatar tafin ƙafarta ta biyo shi. Ta yagi gefen mayafi ta ɗaure, ta yi gaba.

Sai ga wani kogi baƙi wuluk, ba ya motsi. A bakinsa wani aljani mai fito yana zaune cikin wata ƙatuwar ƙwarya. An ɗinke masa leɓe da tsirkiya, da cikinsa yake magana.

“Ya ke 'yar Adam, shigo in fisshe ki. Sharaɗi ɗaya ne, ba a magana a kan ruwan nan. Haka muka tarar.”

Ta shiga. Suna kaiwa tsakiya ƙwarya ta fara nutsewa. Ta leƙa ƙasa, sai ta ga mata jere a ƙarƙashin ruwa, sun tanƙwashe ƙafa, kowace ta cije leɓe, gansakuka ya rufe su har ka.

“Nauyinki ya yi yawa,” in ji mai fito. “Jefar da tulun.”

Ruwa ya kawo mata ƙugu. Ta sake duban matan nan, ta gane abin da ya kai su ƙasa, sai wani abu ya taso mata daga ciki.

“Tulun ba inda za shi, mai bakin jaka. Haka kuka tarar? Uban wa ya bar muku?”

Tana rufe baki sai wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu ya faɗo daga maƙogwaronta ya nutse, ƙwarya ta ɗan taso. To fa. Tasalla ta saki harshe. Ta zagi guguwa da wanda ya aiko ta. Ta zagi matan da suka yabe ta, ta bi su gida gida. Ta faɗi abin da Nomau ya yi mata a shekarar fari, wanda ta haɗiye aka ce ta kyauta. Ta juyo kan kanta ta yi wa kanta tas, raguwa, mai tsoron idon tsohuwa fiye da tsoron rami. Duwatsu suka yi ta zuba, ƙwarya ta taso har tana rawa kamar ɓawon gyaɗa. Mai fito ya yi ta tuƙi.

Da suka isa ya ce, “Tun da nake fito ban taɓa ɗaukar marar kunya irinki ba.”

“Shi ya sa ba ka taɓa kai kowa gaci ba,” in ji ta, ta aza tulunta.

Daga nan ta shiga wani kurmi wanda ganyayen itatuwansa harsuna ne, jajaye, masu laima. Suna jin motsinta suka fara kaɗawa.

“An ce uwa ba ta bin sawun 'yar fari. An ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. An ce ki koma.”

Rassa suka sauko suna lasar wuyanta da hannuwanta, duk inda suka lasa sai wurin ya mutu. Ƙafafunta suka fara juyawa da kansu suna neman hanyar gida. Ta rungume tulu da hannu ɗaya, ta cafki harshen da ya fi girma da ɗayan.

“Wa ya ce?”

“An ce…”

“Na ji. Wa? Ɗan wane gari ne? Da ya dafa dutsen, tare kuka sha romon?”

Harshen ya yanƙwane a hannunta ya faɗi. Ta yi ta kutsawa tana tambaya, suna ta zuba, har ƙasa ta rufe da su. Itace ɗaya ne a bakin fita bai yi shiru ba, kuma da muryar Hakama yake magana: “Ran Laraba aka kira ta, ran Juma'a aka binne ta.” Wannan kam ba ta iya tambayarsa wa ya ce ba, don ta san mai cewar. Ta sunkuyar da kai ta wuce, maganar tana biye da ita.

A gindin ganuwar jan ƙarfe ta tarar da sarkin ƙofa, wani aljani mai kunnuwa kamar tabarmi, ya shimfiɗa ɗaya ya zauna a kai, ya yafa ɗayan.

“Wa kike nema, ya ke mai tulu?”

“Wata yarinya.”

“Birnin nan cike yake da wata yarinya da wani yaro. Ke kuma a ɗakinku ta nawa ce?”

“'Yar fari.”

Ya yi murmushi har kunnuwansa suka motsa. “Shiga. Irinku ba a tare su a ƙofa.”

Ta shiga ta ga abin da ya tsayar da ita. Mutane ne cunkus, yara da magidanta da masu furfura, dukkansu 'ya'yan fari. Kuma komai na birnin yana kiran suna. Bango yana kira, ƙyaure yana kira, ruwan da ke gudu a kwata yana kira, kurciyoyi suna sauka a kafaɗa suna kira. “Sannu, Ilu. Ka ci abinci, Ilu?” “Ina kika shiga, Mariya? Mun yi kewarki, Mariya.” Masu sunan kuwa fuskokinsu sun yi laushi kamar na wanda ya sha ya ƙoshi. Ba sarƙa a ƙafar kowa. Me za a yi da sarƙa?

Can ta hango Atika a gefen fada, zaune gindin wata bishiya, kurciya a kafaɗarta tana ta kiran sunanta, ita kuwa tana dariya, irin dariyar da uwarta ba ta taɓa gani a fuskarta ba.

Sarkin Tsintuwa yana zaune kan tsibin kayan da suka ɓace wa mutane tun farkon duniya, allurai da zobba da takalma wari-wari. Gemunsa na yanar gizo ne, ya sauko har cinya. Tasalla ta durƙusa, ba don ta so ba.

“Ranka ya daɗe, an ɗauko mini yarinya.”

“Ba mu ɗauko ba, ya ke 'yar Adam, tsinta muka yi. Mun yi cigiya da rana tsaka, a gaban shaidu, kina tsaye. Amma mu ba azzalumai ba ne.” Ya yi nuni, aka ajiye kaskon turare a gabanta. “Kafin turaren nan ya mutu, ki kira ta da sunan yanka, ta ji ta amsa, ki tafi da abarki. Sai dai a shari'armu ba a yanke magana sai an ji duk mai hakki. A kawo uwar wannan mata.”

Ƙasa ta tsage, sai ga Hakama zaune kan tabarmarta, mazarinta ma bai daina juyawa ba.

“Ya ke tsohuwa,” in ji Sarki, “'yarki za ta ambaci sunan 'yar farinta. Me kika ce?”

Hakama ta dubi aljannun da suka cika fada, ta yi salati, sannan ta hango jikarta. Ta daɗe tana kallonta.

“Ke, dube ta. Tana da rai, tana ci tana sha, har ta yi ƙiba. Gara tana nan da ranta da ki kai mini ita gida a likkafani. Bar ta. In kika faɗi sunan nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba, duniya da lahira.”

Wanda bai san nauyin wannan magana ba, ba Bahaushiya ce ta goya shi ba. Tasalla ta auna abin a ranta. In ta juya yanzu, za ta koma da albarkar uwa, ga Ladidi a gida, ga yabon gari yana jiranta, yarinyar kuma ga ta nan tana dariya. In ta kira, ta ɗauki bakin uwa ta rataya a wuya har kabari, kuma wa ya sani ko tsohuwar ce mai gaskiya. Turare ya ci rabi tana tsaye.

Sai ta sauke tulun ta ajiye.

“Inna, na bi ki tun ban san hagu da dama ba. Na bi ki a bakin rami, ga inda abin ya kawo mu. Nonon da na sha, riƙe abinki, mu je gaban Allah ya raba mu. Nawa ma wata ta sha, kuma ni za a tambaya.”

Ta juya wajen bishiyar, ta cika ƙirji, ta kira.

Ba abin da ya fito. Leɓunanta sun yi sunan, maƙogwaronta ya yi zafi, amma ko ƙuda bai tashi ba. Ta sake, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, shiru. Fada ta kece da dariya, Sarki yana shafa gemu.

“Kin zubar da albarka a banza, ya ke 'yar Adam. Sarkin ƙofa bai tambaye ki ba? Ke ma 'yar fari ce, wadda ta haife ki ba ta taɓa kiranki ba. Tsintuwa ce ke, da ƙafarki kika kawo kanki, kuma kaya ba ya da'awar kaya. A cikin ganuwar nan ba sunan da zai fita daga bakinki.” Ya ɗaga murya. “Cigiya muke yi. Ga mata a fada. Ta wace ce?”

Kurciyoyi suka sauko suka jeru a kafaɗunta, suna jiran turare ya mutu su fara. Tasalla ta kaɗe su da bayan hannu, ta juyo kan uwarta.

“Kin ji, Inna. Ana cigiyata.”

Hawaye na bin kuncin Hakama, amma ta cije leɓe kamar matan ƙarƙashin kogi. Da ƙyar ta ce, “Ba zan kashe ki da bakina ba.”

“Ke auta ce. An yi ta kiran sunanki har ya gundure ki. Ba ki san yadda yarinya ke tsayawa bayan ɗaki tana jin ana kiran ƙannenta ɗaya bayan ɗaya su zo cin tuwo, ita kuwa a ce a miƙa wa waccan ba. Kin ce mutuwata kike tsoro. To ga ni, furfura ta fara fito mini, ban mutu ba, ban kuma taɓa zama 'yar kowa ba. Wannan ce rayuwar da kika adana mini?”

Tsohuwar ta girgiza kai, ta ƙi ɗago ido. Ran Tasalla ya gama ɓaci. Ta sunkuci tulun nan da ta ƙetare wuta da ruwa da shi, ta ɗaga sama, ta rotsa shi a gaban tabarmar uwarta.

Daga cikin katangar tulun sai murya ta tashi, muryar Tasalla ce amma ta ƙuruciya, ta mai jego, a hankali kamar raɗa: “Atika. Atika. Atikata.” Raɗar ta yi ta hauhawa har ta cika fada, ta danne bango da ƙyaure da ruwan kwata. Kurciyoyi suka tashi firgigit. Can gindin bishiya Atika ta miƙe tsaye.

“Kiran da aka yi a ɓoye ba ya cikin shari'a,” in ji Sarki da sauri. Ba wanda ya dube shi.

Hakama ta ce, “Wannan muryarki ce.”

“Tawa ce.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar suna. Ba tulun da ya fita daga hannuna ban gaya masa ba. Duk Kwarin Maje da sunan nan suke shan ruwa, ke ma da shi kike alwala. Ga ta can a tsaye. Laraba nawa ta wuce, Inna? Juma'a nawa?”

Tsohuwar ta dubi jikarta, ta dubi tsingaron da ke gabanta, ta dubi kaskon turare, wanda hayaƙinsa ya koma kamar zare. Ta ajiye mazari, ta dafa gwiwa ta tashi.

“Ya ke tsohuwa,” in ji Sarki, “tuna da yayarki.”

“Rufe mini baki, mai gemun yana.”

Ta buɗe baki. Sunan ya fito da ƙara kamar ƙyauren da aka shekara ba a buɗe ba.

“Sa'adatu.” Ta yi tari, ta ƙara, wannan karon har ganuwa ta amsa. “Sa'adatu. 'Yata ce, ni na haife ta ran Sallah, ana tafiya idi ina naƙuda.”

Tasalla ta tsaya kamar gunki. Tun ranar ɗaurin aurenta ba ta ƙara jin sunan ba, a wannan baki kuwa ko a mafarki.

“Amsa mana, don ubanki, turare zai mutu.”

“Na'am, Inna.”

Sai ta ji wani abu ya kwance a maƙogwaronta. Ta juya.

“Atika!”

Ganuwar jan ƙarfe ta yi ƙara kamar an buga tasa. Atika ta tako a hankali ta tsaya nesa kaɗan, amma ba ta amsa ba. Dariyar nan ta bar fuskarta.

“Yau kika san shi, Yaya? Tulu kika yi ta gaya wa. Tulu ya fi ni kunne ne? Ina zaune gefenki ina miƙa miki yumɓu, ki kifa kai ki gaya wa tulu. Nan ko bango ya san sunana.”

“Bango bai tako garwashi ba,” in ji Tasalla. “Ban zo neman gafara ba, babu lokacinta. Fushin nan hakkinki ne, ki yi shi har ki gaji, amma a tsakar gidanmu za ki yi shi. Amsa.”

Atika ta dubi ƙasa. Tun daga ƙofar fada har inda uwarta take tsaye, sawun jini ne a jere.

“Na'am,” ta ce, kamar mai haɗiyar maɗaci.

Turare ya mutu.

Sarkin Tsintuwa ya miƙe, allurai da zobba suna zubowa daga ƙarƙashinsa, gemunsa na tsuma. Shi ya kafa doka, shi ya aika a ɗauko tsohuwar don ta toshe bakin 'yarta, ba kuma yadda zai yi.

“Ku fita mini daga gari.”

Tasalla ta nuna taron da ya cika birni. “Waɗannan fa?”

“Ƙofata ba ta taɓa rufuwa ba. Iyayensu su zo su kira.”

Jar guguwa ta sure su ta watsar a bakin ramin yumɓu, su uku da tabarmar Hakama.

Ranar Laraba ce. Tun daga ranar Hakama ta hana kanta sukuni. Duk inda Tasalla ta sa ƙafa tana biye, ta taɓa goshinta, ta je ta taɓa na Atika, ta dawo ta leƙa idonta. Alhamis ta wuce. Juma'a ta zo, aka sauko daga masallaci, ba wanda ya yi ko atishawa. Da gari ya waye Asabar tsohuwar ta fito tsakar gida ta zauna, fuskarta kamar hadari. Ta ɗauki sanda ta bi tsofaffin zuriya gida gida tana tambayar wanda ya fara faɗin maganar nan. Wannan ta ce daga kakarta ta ji, waccan ta ce ai haka aka tarar. Ta dawo tana huci.

Tasalla ta ce, “Inna, maganar nono fa?”

“Na yafe tun a can. Wanda ya ƙago wannan ƙarya ne ban yafe wa ba, ko waye ubansa. Ya cinye mini shekaruna ina kallon 'yata kamar baƙuwa.” Sai kuma ta ce, “Sa'adatu.”

“Na'am.”

“Ba komai.”

Haka ta koma yi, da dalili da ba dalili, har maƙwabta suka fara ƙorafi. Matan da suka yi yabo a da suka juya, wai gidan Nomau an zubar da mutunci, uwa na kiran 'yar fari a tsakar gida kamar mai kiran akuya. Wasu har suka daina sayen tulun Tasalla. Da ta gaya musu abin da ta gani a ƙarƙashin ramin, da ƙofar da ba ta rufuwa, sai suka ce Allah ya sawwaƙe, su ba marasa kunya ba ne. Ba wadda ta sauka.

Atika kuwa ta cika alkawarin fushi. Ta daɗe ba ta sake wa uwarta fuska ba, Yayar nan ma ba ta daina ba. Ran nan Tasalla ta gama ginin sabon tulu, ta shafe shi sumul, sai hannu ya bi abin da ya saba, ta tallafo shi ta kifa bakinta a bakinsa. Wata inuwa ta faɗo mata. Atika ce tsaye a kanta da ƙwaryar yumɓu.

“Ga ni nan a tsaye,” in ji ta. “In kina da magana ki gaya mini, ki bar tulu ya huta.”